Ƙaramin Maki, Babbar Takarda: Magana ga Mai Neman Makarantar Kasuwanci

Kowace shekara, da zarar an liƙa sakamakon lisans a allo, akan sami wani rukuni na ɗalibai da ba a cika yin zancensu ba. Ba su faɗi ba balle a yi musu jaje, ba su kuma yi zarra ba balle a yi musu guɗa. Su ne masu maki 10 da ƴan ɗigo bisa 20, waɗanda takardarsu ta fito da kalmar nan ta Faransanci da muka hausantar muke cewa "pasabul". Guraben mastar a jami'o'in gwamnati ba su da yawa, kwamitin zaɓe kuma daga saman jeri yake farawa, saboda haka kafin a gangaro kansu an cika. A daidai wannan lokaci ne tallar makarantun kasuwanci masu zaman kansu take cika gidajen rediyo da allunan bakin titi da zaurukan WhatsApp: mastar a fannin gudanarwa, MBA, darasin dare, biya kashi-kashi, babu jarrabawar shiga. Wanda aka rufe wa ƙofa ɗaya, ya waiwaya ya ga wata a wangale, da wuya ya tsaya tambayar dalilin da ya sa babu mai gadi a bakinta.

A ganina, ɗalibi mai ƙaramin maki wanda bai taɓa riƙe aikin albashi ba shi ya fi kowa bukatar yin wannan tambaya, shi kuma zai fi kowa asara in bai yi ta ba. Mai maki 15 idan ya yi kuskuren makaranta, lisans ɗinsa yana nan yana yi masa magana. Ma'aikacin banki mai shekara 8 a kan kujera idan ya sayi takardar banza, aikinsa yana nan. Amma mai maki 10 da hannu wofi, duk nauyin fatansa a kan wannan takarda ta biyu yake ɗora shi. In ta karye, babu abin da zai tare shi.

Wani zai ce me ya kawo zancen makarantar kasuwanci cikin mujallar ɗaliban kimiyyar harshe. Mu ƴan tsangayar adabi muna cikin waɗanda wannan talla ta fi farauta, domin an daɗe ana gaya mana cewa karatunmu ba ya kai mutum ko'ina sai aji da alli. Ban da haka, matsalar kusan dukkanta ta ma'ana ce: me kalma take nufi a kan takarda, wa ya furta ta, wa kuma ya yarda da ita. Wannan kuwa gonarmu ce.

Duk wanda ya yi shekarar farko a sashenmu ya san darasin Ferdinand de Saussure a kan darajar alama, a littafin da aka fitar a 1916 bayan rasuwarsa. Misalin da ya kawo kamar don mu ya kawo shi: ƙwandalar faran biyar, wato dalarmu ta kasuwa. Dala tana da daraja ta fuska biyu. Ana iya musanya ta da abin da ba kuɗi ba, kamar burodi, ana kuma iya gwada ta da ƴan'uwanta kuɗi, a ce ta fi tamma, ba ta kai jika ba. Takardar shaidar karatu ma haka take. Dole ta iya musanyuwa da wani abu, aiki ko ƙarin girma ko gurbin karatun dakta, dole kuma ta bambanta mai ita da wanda ba shi da ita. Takardar da duk mai kuɗin rajista yake samu ta rasa fuska ta biyu, kuma wadda ta rasa ta biyu ba ta daɗewa take rasa ta farko. Masanin tattalin arziki Michael Spence ya iso kusan nan ta wata hanya a 1973, a aikin da yake cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 2001. Mai ɗaukar ma'aikata ba ya iya leƙa cikin kan mai nema, don haka da alama yake dogara, alama kuma tana aiki ne kawai idan samunta ya fi yi wa rago wuya a kan mai himma. Abin da wannan yake nufi ga mai pasabul yana da ɗaci, amma gara a faɗe shi. Sauƙin shigar da ya ja hankalinsa shi ne ainihin abin da zai rage wa takardar kima ranar da ya ajiye ta a gaban mai tace takardu a wani banki a Yamai ko a matatar SORAZ. Masu tacewar nan su ma suna sauraron rediyo. Tallar da ya ji sun ji ta.

Sai kuma jimlolin da ake rubutawa a ƙasan talla da ƙananan haruffa. "Gwamnati ta amince da mu." "CAMES ta san da mu." "Muna da haɗin gwiwa da jami'o'in Turai." Littafin J. L. Austin na 1962 ya koya mana cewa akwai furucin da shi kansa aiki ne, amma ba ya ƙulluwa sai mai hurumi ya furta shi a inda ya dace. Ko yaro a Gidimuni ya san cewa "na ba shi aurenta" ba ta ɗaura aure sai daga bakin waliyyi a gaban shaidu. In wani ɗan kallo ya faɗe ta daga bayan taro, iska ce kawai. "Mun ba ka digirin mastar" irin wannan furuci ne. Izinin kafa makaranta daban, izinin buɗe ta daban, amincewa da wani kwas takamaimai kuma daban. CAMES, hukumar nan ta ilimi mai zurfi da aka kafa a Yamai a 1968, wadda mazauninta yake Wagadugu, ba makaranta sukutum take buga wa hatimi ba. Takarda-takarda take dubawa, kuma na wani wa'adi. Makaranta tana iya samun amincewa a lisans ɗin lissafin kuɗi, ta ɗauki tambarin ta manna a tallar mastar ɗin da ba a taɓa dubawa ba. Ba ta yi ƙarya ƙarara ba, ta dai bar mai karatu ya ƙarasa jimlar da kansa. Paul Grice ya yi dogon bayani a kan irin wannan ma'ana da ake nufi ba tare da an furta ta ba, kuma abin kunya ne ɗalibin da ya ci jarrabawa a kan Grice ya faɗa tarkon a bakin titi. CAMES tana da kundin takardun da ta amince da su a intanet, ana dubawa da sunan makaranta da sunan kwas. A cikin gida kuma akwai ma'aikatar ilimi mai zurfi da ofishin OBEECS mai kula da daidaita takardu. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Wanda yake ganin wannan tsoro ne kawai, ya tuna abin da ya faru a maƙwabta. A Disamban 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken ɗan jarida Umar Audu, wanda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6, bai shiga aji ko sau ɗaya ba, har ya yi amfani da takardar ya shiga hidimar ƙasa ta Najeriya. A farkon Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo, ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya kuma ambaci Nijar cikin ƙasashen da binciken zai iya kaiwa. Abin lura shi ne, matakin bai tsaya bambanta wanda ya sayi takarda da wanda ya yi shekara 4 yana zaman aji a wata makarantar ba. Idan alama ta lalace, a hannun kowa take lalacewa.

Haruffan nan uku, MBA, sun cancanci a tsaya a kansu. Makarantar kasuwanci tsohuwar aba ce: ta birnin Paris da ake kira ESCP tun 1819 take, Wharton ta Amurka tun 1881, Harvard kuma ta fara MBA a 1908. A manyan makarantun yau, MBA karatu ne na wanda ya riga ya yi aiki na ƴan shekaru. Akan ajiye labarin wani kamfani da ya shiga matsala, ɗalibai su yi ta gardama a kansa, kowa yana jawo abin da ya gani da idonsa a wurin aikinsa. Rabin darasin daga bakin ɗalibai yake fitowa. Henry Mintzberg na jami'ar McGill ta Kanada ya rubuta littafi sukutum a 2004 yana cewa koyar da shugabancin ma'aikata ga wanda bai taɓa shugabantar kowa ba ɓata lokaci ne, har ma yana da illa, domin yana haifar da mutum mai ƙarfin gwiwa marar sani. Shi ya sa a Turai suke da wani mastar na daban a fannin gudanarwa domin sabon mai lisans. Makarantar da ta tara matasa 40 waɗanda babu wanda ya taɓa biyan ma'aikaci albashi a cikinsu, ta ce musu MBA suke yi, ta riƙe sunan ta zubar da abin da ke ciki. Mun san wannan a ilimin ma'ana: kalma takan koɗe saboda yawan ari. Yau duk mai babbar riga da mota Alhaji ne ko bai taɓa ganin Jidda ba, duk mai gyaran janareta kuma injiniya ne. Bambancin kawai shi ne, wannan koɗaɗɗiyar kalma kuɗi ake biya kafin a ara wa mutum ita.

Yanzu ga jimlar da ta fi damuna, wadda nake yawan ji a bakin ƴan'uwa ɗalibai: "Ba ni da ƙwarewar aiki." A harshen takardar neman gurbi, ƙwarewar aiki tana nufin takardar albashi da shaidar da wani darakta ya buga wa hatimi. Da wannan ma'auni, kusan duk matasan karkarar Damagaram ba su taɓa yin komai ba a rayuwarsu. Amma a dubi saurayin da ya tashi a bakin tafkin Gidimuni. Tun yana ɗan shekara 12 yake cikin garka. Ya san lokacin da rake yake tsada da lokacin da yake zubewa, ya san ɗanyen dabino ba ya jiran ciniki, ya yi lodi a bakin babbar hanyar da ta taso daga Gure zuwa Damagaram, ya yi jayayya da direba a kan kuɗin mota, ya ba dillali la'adarsa, ya ba da kaya bashi ya kuma sha wuyar karɓowa. In ya taɓa raka kawunsa Maigatari da dabbobi, ya iya lissafi da dala a ka, ya juya shi zuwa naira, ya cire abin da ɗan canji zai ci, duk kafin mai kalkuleta ya gama dannawa. Wannan saurayi ne yake zuwa gurbin "ƙwarewar aiki" ya ja layi.

Harshen da yake magana da shi ma shaida ne a kansa. Jari, uwar kuɗi, riba, faɗuwa, sari, kiri, koli, fatauci, dillanci, la'ada, lamuni, jingina, adashi, amana, karyewa. Al'ummar da ta ware waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya ta daɗe da yin tunani a kan kasuwanci, tun kafin a aza tubalin Wharton. A ƙarshen ƙarni na 19, harkar Malam Yaro na Damagaram har Tarabulus take kaiwa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, a fataucin goro na Gwanja ya ƙware kafin gyaɗa ta mai da shi abin da ya zama a Kano. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 a kan Alhazan Maraɗi, ya nuna yadda ake hawa wannan tsani: yaro ya fara a matsayin bara a ƙarƙashin ubangida, a aike shi, a ba shi kaya kaɗan, a ƙara masa in ya dawo da lissafi daidai, har ranar da za a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Makaranta ce mai aji-aji da jarrabawa, takardar fitarta kuma ita ce yardar mutane.

Kada dai mu yi wa kasuwa kirarin da ya wuce ta. Ba ta koyar da rubuta lissafi mai shafi biyu, ba ta koyar da dokar haraji, ko yadda ake rubuta yarjejeniyar da alƙali zai karɓa, ko yadda ake shirya takardun neman rance a banki. Kowa a cikinmu ya san gidan arzikin da ya watse shekara biyu bayan rasuwar maigida, saboda littafin bashi da na ajiya duk a kansa suke, aka binne su tare da shi. A nan ne makarantar kasuwanci take da amfani na gaske ga ɗan Damagaram, kuma wanda ya riga ya san kasuwa shi zai fi gane darasin.

Saboda haka shawarata ga mai ƙaramin maki ita ce ya jinkirta shekara guda, ya mai da abin da ya sani rubutu. Jinkirin ba na zaman fada da shan shayi ba ne. Ya karɓi littafin shagon kawunsa ko na ƙungiyar masu garka, ya rubuta shiga da fita kullum har wata 12, ya fitar da lissafin ƙarshen shekara, shugaban ƙungiya ya sa hannu a takardar shaida. In ƙaramar sana'a ce tasa, ya yi mata rajista ya sami lambar haraji. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar take ciki, tun gyaran 2010 ta tanadi matsayi mai sauƙi domin ƙananan masu sana'a. Ya nemi zaman koyon aiki ko da babu ko dala. In hidimar ƙasa ta samu, ya roƙi a kai shi inda ake taɓa lissafi ko sito. Faransa kanta, wadda muka gaji son takarda daga gare ta, tun 2002 ta yi dokar da ta ba mutum damar samun shaidar karatu da abin da ya koya a wurin aiki, in ya iya tabbatar da shi a gaban kwamiti. Tabbatarwar ce wuyar. Wasiƙar neman gurbi da ta ce "ina da sha'awar kasuwanci tun ina yaro" kwamiti ya karanta irinta ɗari kafin azahar. Wadda ta ce "na riƙe littafin ƙungiya mai mutum kaza, na gano inda kuɗin mota yake cinye ribarmu, ga abin da muka canza" ita ce ake ɗaga kai a sake duba sunan mai ita, ko da maki 10 ne a gefe.

Shi kansa makin yana bukatar a warware shi. Matsakaicin maki kalma ce mai haɗiye ƴaƴanta: 10 tana iya zama 10 a ko'ina, tana kuma iya zama 15 a nan da 6 a can. Ɗalibi ya ɗauko takardar makinsa ta shekara 3 ya karanta ta layi-layi. A ƙasarmu akwai dalili na musamman da ya sa haka ya zama dole. Yaron da ya shiga lakwal a Gidimuni da Hausa ko Barbarci a bakinsa, da Faransanci aka tarbe shi tun ranar farko. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a unguwar Zango ta Damagaram tun 1973, amma mafi yawanmu ba ta irin wannan makaranta muka biyo ba. Jim Cummins ya bambanta harshen hira da harshen karatu mai zurfi, ya nuna cewa na biyun yana ɗaukar shekaru masu yawa fiye da na farko kafin ya nuna. Ɗalibi yana iya fahimtar darasi sarai, ya rasa maki 4 ko 5 a wajen zuba shi cikin dogon insha'in Faransanci mai kashi uku. Makin irin wannan ɗalibi rabinsa awon harshe ne. Na san wasu malamanmu za su ce ina nema wa ragwaye mafaka. Ba haka ba ne, kuma ga iyakar maganar: in raunin a lissafi da ƙididdiga yake, ko kuwa rashin zuwa aji ne ya kawo shi, to Faransanci ba shi da laifi, makarantar kasuwanci kuma cike take da lissafi. Gwajin mai araha ne. A ari littafin lissafin kuɗi na ƴan shekarar farko, a zauna da shi wata guda, a yi atisayen da ke ciki. Wanda ya ji kansa yana buɗewa ya ci gaba. Wanda ya ji kamar ana yi masa kaciya da tsinke ya gode wa Allah da ya gane kafin a sayar da komai.

In an zo zaɓen kwas, ƙunci ya fi faɗi amfani ga mai ƙaramin maki. "Gudanarwa" ko "jagorancin ayyuka" suna ne mai faɗin da ba ya gaya wa mai ɗaukar aiki abin da mutum zai iya yi ranar Litinin da safe. Lissafin kuɗi, haraji, sufuri da sarrafa kaya, kula da sito, waɗannan ana iya gwada mutum a kansu cikin awa guda, kuma wanda ya ci gwajin ba a komawa tambayar makin lisans ɗinsa. Cibiyoyin fasaha na IUT da aka buɗe a Damagaram da Maraɗi da Tawa a 2008, waɗanda daga cikinsu jami'o'in garuruwan uku suka tsiro a 2010, domin irin wannan karatu aka yi su. A Jami'ar André Salifou akwai fannin sufuri da sarrafa kaya, abin da ya dace da jihar da take da matatar mai da doguwar iyaka da Najeriya. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa tana da tsangayar shari'a da tattalin arziki da gudanarwa. Na san abin da yake hana mutane: kunya. Mai lisans yana ganin komawa lisans na sana'a ko BTS kamar saukowa daga doki a hau jaki ne, alhali abokansa suna rubuta "mastar 2" a ƙarƙashin sunansu a Facebook. Amma BTS na ƙasa yana da wata daraja da mastar ɗin dare da yawa ba su da ita: wanda ya karɓi kuɗin makarantarka ba shi ne yake ba ka maki ba. Da za a ce in zaɓi ma'auni ɗaya tak in auna kowace makaranta da shi, wannan zan ɗauka.

Ba ina cewa duk makaranta mai zaman kanta shago ba ce. Akwai masu tsare mutuncinsu, sau da yawa ma malaman jami'ar gwamnati ne suke koyarwa a cikinsu da yamma. Suna kuma da abin da muka rasa: shekararsu tana ƙarewa a kan lokaci, ba yajin aiki, ba shekara ta hau kan shekara. Ga ɗaliba da iyaye suka ba wa'adi, ko matar aure da ba za ta iya barin Damagaram ta tafi Yamai ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shawarar jinkirta shekara ta fi yi mata tsada a kan namiji. Irin wannan ɗaliba in ta zaɓi makarantar dare ban ga laifinta ba. Sai dai ta shiga da ido buɗe. Ta nemi a bar ta ta zauna a aji dare ɗaya kafin ta biya. Ta tambayi malamai nawa ne na dindindin. Ta nemi sunayen wuraren da ɗaliban shekara biyu da suka wuce suke aiki, ta bi ta ji daga bakin biyu ko uku. Ta tambaya, a cikin waɗanda suka zauna jarrabawar bara, nawa suka faɗi. Makarantar da ba a taɓa faɗuwa a cikinta ba ta riga ta amsa sauran tambayoyin.

Ga ɗan Damagaram akwai kuma hanyar kudu, domin Kano ta fi Yamai kusa da mu nesa ba kusa ba. Jami'ar Bayero tana da makarantar kasuwanci mai sunan Ɗangote, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da tata. Abin da ya burge ni a tsarin Najeriya shi ne difloma ta bayan digiri, PGD, wadda jami'o'i da yawa suke sa mai raunin sakamako ko wanda ya fito daga wani fanni ya yi kafin ya shiga mastar. Gada ce mai faɗin gaskiya: tana gaya wa mutum cewa bai isa ba tukuna, ta kuma ba shi shekara guda ya nuna ya isa, da sabon maki da zai rufe tsohon. Amma a yi lissafi. In Faransanci ne ya kayar da mutum, Ingilishi ba zai tausaya masa ba, kuma Hausar da za ta sayo masa abinci a Kabuga ba ita za a rubuta jarrabawa da ita ba. Tsarin lissafin kuɗin ma ba ɗaya ba ne. Ƙasashe 17 na OHADA da SYSCOHADA suke aiki, wanda gyararrensa ya fara aiki a 2018, Najeriya kuma ta koma ma'aunin IFRS tun 2012. Wanda zai riƙe littafin kamfani a Maraɗi ya san wanne yake bukata. Wanda kuma burinsa ya tsaya tsakanin kasuwannin biyu, yana shigo da kaya yana fitarwa, sanin tsarin Najeriya da Ingilishinta jari ne babba. Ga batun daidaita takarda in an dawo, ga kuma iyaka, wadda muka ga an rufe ta daga Agustan 2023 har Maris na 2024. Amma CESAG ta Dakar, wadda take ƙarƙashin babban bankin BCEAO, tana tace masu shiga, don haka buri ne na bayan shekara biyu ko uku na aiki da sabon maki a hannu.

Kuɗin kuma daga ina? Mai pasabul da wuya ya sami tallafin ANAB a wannan mataki, saboda haka gida za a koma. Mu ƙaddara makaranta ta nemi jika 600 a shekara, shekara biyu, ban da haya da abinci a birni. A gidan manomi wannan ba daga albashi yake fitowa ba. Shanu ne za a kai kasuwa, ko a jinginar da garka, ko a sayar da rake tun yana tsaye a farashin mai saye. Tsohon da zai yi wannan bai san bambancin izinin buɗewa da amincewar CAMES ba. Ya dai ji ɗansa ya ce "mastar", ya yarda, domin shi ne wanda aka sa lakwal don ya karanta wa gida takarda. Kafin a kai shi ga haka, ya kamata ɗan ya iya amsa tambayar da kowane ubangida yake yi wa baransa in ya zo neman jari: a ina za ka sayar, kuma yaushe uwar kuɗi za ta dawo?

Akwai wani aiki da yake jiran sashenmu a cikin wannan magana. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. In har wannan zai wuce takarda, wata rana za a koyar da lissafin kuɗi da Hausa a Damagaram, za a kuma bukaci kalmomi tsayayyu: ina iyakar "jari" da "uwar kuɗi", me za a kira raguwar darajar mota shekara bayan shekara, yaya za a raba bashin da ake bin ka da wanda kake bi ba tare da doguwar jimla ba. Ba a ofis za a ƙirƙiro su ba. Sai an ɗauki na'urar naɗar murya an zauna a Kasuwar Dole da Matamaye da Magarya, an ji yadda masu abin suke faɗa, sannan a gwada da abin da SYSCOHADA yake nufi. Mai yin wannan dole ya san ƙirar kalma, ya san kasuwa, ya kuma zauna ajin lissafin kuɗi na gaske ko da na shekara ɗaya ne. Ina roƙon malamanmu masu rarraba batutuwan kundin bincike su sa wannan a jerin bana, kuma in an zo zaɓen wanda za a ba, a leƙa har ƙasan jerin maki, domin a nan ne yawancin ƴaƴan garka da ƴaƴan rumfa suke.